Ranar da Na Shayar da Jirgi da Tulu

Tun da jikokina suka gano cewa ban taɓa tuƙa jirgin ƙasa ba, girmana ya ragu a gidan nan. Da can in an ce Baba ya yi aikin reluwe, sai su zaci ni ne nake leƙowa ta tagar kan jirgi ina busa usur. Da suka matsa mini da tambaya na faɗa musu gaskiya: famfo na riƙe, ina ba jirgi ruwa. Sai babbansu, wanda yake kunna famfon burtsatse na unguwa, ya ce, "Ashe Baba aikina ka yi." To, ku gyara zama, har da kai mai maɓalli. Famfon da na riƙe ba latsa shi ake yi ba. Wuta yake ci, kuma in ba ka iya da shi ba ya kunyata ka a gaban jama'a. Ni ya yi mini.

Ni mutumin Rawayya ne, ƙasar Bunguɗu. Sunana Mamman, ubana manomi, kakana manomi. Wata kaka, zamanin Turawa suna nan, na rako wana Gusau da jakai mun kawo auduga, sai na ga kan jirgi yana huci a tasha, direba ya jingina da ƙofa yana goge hannu da tsumma kamar duniyar tasa ce. A nan noma ya fita raina. Na koma gida na ce wa tsohona zan tafi koyon tuƙin jirgi. Ya dube ni ya ce, "Kai da jaki ke kayarwa?" Amma ya sa mini albarka.

Ranar da na fara aiki a loko, wato inda ake kwantar da kawunan jirage a Gusau, farar riga na sa, wadda na yi sallah da ita. Heluma, wato shugaban leburori, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya miƙo mini kwano da gammo. Aikin shi ne a cika maka kwano da kwal, ka ɗora a ka, ka hau wani katako mai lilo, ka juye a bayan kan jirgi, ka sauko, ka sake. Kafin azahar rigar nan ko mai ita bai gane ta ba. Da yamma na nufi Tudun Wada inda na sauka wurin wani ɗan garinmu, matarsa ta gan ni a zaure ta kurma ihu ta koma ciki. Wata takwas na yi ina wannan hawa da sauka, kuma duk wanda ya zo daga Rawayya sai in ce masa an kusa ba ni jirgi.

Wanda ya cire ni daga ƙarƙashin kwano wani dattijo ne mutumin kudu da kowa ke kira Baba Inugu. Shi ke kula da famfon loko. Kafin ya zo arewa ya yi shekaru yana haƙar kwal a garinsu Inugu, ya baro yatsu biyu na hannun dama a can, ya taho da tari wanda bai rabu da shi ba. Hausarsa gajera ce, ba ya ɓarnar magana. Wata rana ya ga na zubar da kwal a gindin katako na wuce abina, sai ya kira ni.

"Rawayya, zo ka tsince."

Na ce, "Baba, ɗan wannan? Ga tarago guda can."

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa mini a tafin hannu, ya ce, "Ka san inda ya fito?"

Ranar ya zaunar da ni ya ba ni labari. Ya ce dutse ake hudawa ta gefe kamar ramin gafiya, mutum ya shiga a sunkuye da diga da fitila, wani wurin ma da rarrafe, ruwa na ɗiga a bayansa, rufi na ƙara a kansa. Ya sari kwal, ya loda a 'yar amalanken ƙarfe, ya turo ta waje. Daga nan a zuba a tarago, ya ƙetare Binuwai, ya bi ta Kaduna da Zariya, kwana da kwanaki, kafin ya iso hannun ɗan Rawayya ya zubar a ƙasa. Ya ce wani Bature ya taɓa gaya masa a wasu ƙasashen ba sa shiga rami, ƙasar suke feɗewa daga sama kamar rago su kwashe abin da ke ƙarƙashi. Shi kuma ya tambaye shi, to a ina suke noma bayan nan? Na tsince kwal ɗin tas. Washegari ya roƙi heluma a ba shi ni.

Wutar farko da na haɗa a tukunyarsa kashe ta na yi da hannuna. Tukunyar nan ta ƙarfe ce, a tsaye take, ta fi mutum tsawo, wuta a ƙasa ruwa a sama. In ruwan ya tafasa, tururinsa ne ke tura famfo, famfo ya zuƙo ruwa daga rijiya ya kai tanki, jirgi ya sha daga tanki. Ni kuwa a tunanina yawan kwal shi ne yawan wuta. Na kama shebur na danƙara mata har baki, na rufe ƙofa, na koma gefe ina jiran yabo. Hayaƙi ya turnuƙe mu, wuta ta mutu murus. Baba ya gama tarinsa ya ce, "In uwarka ta cusa maka tuwo haka, za ka haɗiye?" Sai ya nuna mini. Da itace ake farawa. In ya kama, ka watsa kwal shafe-shafe kamar mai yafa iri, ka bar wa iska hanya. Wutar kirki fara ce mai haske, in ta yi ja tana neman iska, in ta yi rami a tsakiya sanyi zai shiga ta nan.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Shebur mai gajeren ƙota. Dogon ƙarfe mai ƙugiya na fasa kashin kwal, wato abin da ke narkewa ya daskare a ƙasan wuta ya toshe iska. Sifana biyu, gwangwanin mai mai dogon baki, da igiyar da ake shafa wa kitse a cusa inda tururi ke tsiyaya. Sai abubuwa biyu da ke jikin tukunyar: agogon da ke nuna ƙarfin tururi, da wani siririn gilashi da ke nuna inda ruwan cikinta ya tsaya. Ni agogon nake so, don yana da allura mai motsi, mutum ya tsaya gabansa ya yi kama da mai ilimi. Baba kuwa kullum sai ya kama ƙeyata ya juya ni wajen gilashi. Ya ce a rufin wutar akwai wani toshi na dalma. Muddin ruwa ya rufe shi, lafiya. Ran da ruwa ya sauka ƙasa da shi, dalmar za ta narke, tururi ya feso ya kashe wutar, don kada tukunya ta fashe ta kashe mai ita. "Ta cece ka," in ji shi, "amma kowa zai san kai wawa ne."

Shekara biyu na yi a hannunsa. Sannan aka ce ana neman mai famfo a Tsafe, Baba ya ce na isa. Aka ba ni kaki da hula mai baki. Wallahi ranar ko hakimi bai kai ni taku ba.

A Tsafe ni kaɗai ne a ɗakin famfo, 'yar rumfar kwano a bakin wani rafi, da rijiya a gefenta, da tulin kwal a baya. Tankin yana can kusa da layin dogo, tafiyar da ba ta kai a ce tafiya ba, amma da hawa. Masu hulɗa da ni iri biyu ne. Na farko direbobi, waɗanda ba su san sunana ba sai ran da ruwa ya yi ƙasa. A cikinsu akwai Malam Sule, wani Bazazzagi mai faɗa, wanda in ya tsaya shan ruwa yakan ɗanɗana da yatsa ya ce na ba jirginsa kunu. Na biyu matan unguwar bayan tasha. In tanki ya cika yakan yi ambaliya ta wani bututu, ruwan ya bi ƙasa a banza, su kuwa sai su kawo tuluna su tara. Shugabarsu Inna Tumba ce, wata tsohuwa mai sayar da fura a tasha. Ba wanda ya ce in hana su. Ni na ga cewa mai hula ya kamata ya hana wani abu. Na riƙa korarsu, har na karkatar da bututun ya koma zuba cikin ƙaya. Kuma ba da Hausar gida nake korarsu ba, da irin ta bariki da na tsinta a loko, ina cewa, "Kai, mata, ba a so! Wannan ruwan gwamnati ne!"

Inna Tumba ta ce, "Ɗan nan, kai ba ɗan Rawayya ba ne? Yaushe bakinka ya karye?"

Na yi kamar ban ji ba.

Wata ranar kasuwa wani maƙeri daga Kuceri, ana ce masa Ɗan Ali, ya biyo ta ɗakin famfo da jakinsa. Ya tsaya daga nesa, ya cire takalmi, ya ce, "Ranka ya daɗe, Injiniya." Na waiga in ga wa yake nufi, ba kowa sai ni. Ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi a kunne kamar wannan ba. Ya ce ya ji labarin baƙin dutsen nan da ke cin wuta, ko zan ɗan sam masa ya gwada a maƙera? Na cika masa mangala. Mako na zagayowa ya dawo da gaisuwa, ya sake cewa Injiniya, na sake cika masa, bai ma tambaya ba. Abu ya zama al'ada. Ko sisi ban taɓa karɓa ba, kada ku ce kakanku ɓarawo ne mai wayo. Ɓarawo ne marar wayo. Da suna guda aka saye ni.

Da tulin kwal ya fara ramewa ta baya, sai na yi dabara. Na riƙa kwaso duwatsu daga rafi ina cusawa a ƙarƙashi, in rufe da kwal a sama. Duk wanda ya hango daga tasha zai ga tuli yana nan yadda yake. Na ce a raina, in taragon kwal ya zo zan cike gurbin, ba mai sani.

Sai shekarar ta zo da gardama. Damina ta ɗauke da wuri, rafi ya ƙafe tun kafin sanyi ya wuce, rijiyoyin gari suka koma laka. Tamu ta reluwe ce kawai ke da ruwa, don tana da zurfi. Taragon kwal kuma da ya saba zuwa ya ƙi zuwa. Aka ce taragu duk suna wajen kwasar gyaɗa, aka ce ana ƙarancin kwal daga can kudu, kowa da abin da yake faɗi. Ga shi kwal ɗin Inugu ba ya son rana, in ya daɗe a fili sai ya ruɓuɓɓushe ya zama gari. Tashamasta ya kira ni ya ce, "Mamman, kwal ɗinka zai kai wata guda? In ba zai kai ba in buga waya Gusau." Ya leƙa ta taga, ya ga tuli ƙato. Ni ma na leƙa, na ga tulin da na gina da hannuna, kuma don Allah ku ji wauta, sai da ganinsa ya kwantar mini da hankali. Na ce, "Zai kai har ya yi saura."

Kwana goma sha biyu ya yi. Ran na sha uku na kafa shebur na ji ƙarar dutse.

Kwana uku ina ciyar da tukunyar nan abin da ba ta saba ci ba. Karan dawa, kashin shanu, guntayen itace, har tsohuwar tabarmata. Kara yakan tashi fuu kamar abin kirki, kafin allura ta motsa ya zama toka. Famfo ya yi ta tafiya kamar tsohon jaki, ya ɗaga ƙafa ya tsaya ya yi tunani. Abin da nake turawa tanki bai kai abin da jirage ke sha ba. Na san in na je na faɗa wa tashamasta za a tone tuli, in aka tone tuli za a ga duwatsu. Sai na yi shiru ina addu'ar tarago.

A rana ta huɗu, da hantsi, cikin tsakiyar bazara, jirgin fasinja ya iso daga Zariya zai wuce Gusau, Malam Sule ke jan sa. Inda ya saba shan ruwa a baya ya tarar babu, ya lallaɓo da ɗan abin da ya rage yana sa ran Tsafe. Aka saka masa bututu, ruwa ya zubo kamar na alwala, ya tsaya.

Ina rumfa na hango shi yana gangarowa, tashamasta na biye da shi. Bai yi sallama ba. Ya dubi karan dawa a bakin tukunya, ya dubi tuli, ya sa ƙafa ya ture saman, duwatsu suka yi masa murmushi.

"Wannan fa?"

Na ce, "Malam Sule, wato..."

"Rufe mini baki. Ka san abin da ke cikin jirgin can? Mutane ne, da tsofaffi da masu goyo, a cikin akwatin ƙarfe, a wannan rana. In ruwana ya ƙare sai in zubar da wuta. In na zubar da wuta, nan za mu kwana mu wuni, hanya kuma ɗaya ce, ba mai wucewa ta gaba ko ta baya. Ka gane?"

Na gane. Ya sa fayaman ɗinsa, wato mai zuba masa kwal, ya sauko mini da kwano huɗu daga na jirgi. Ya ce, "Ga kwal. Ka ba ni ruwa kafin azahar."

Da na yi abin da aka koya mini, da labarin ya ƙare a nan. Amma ga direba a tsaye a kaina, ga tashamasta, ga fasinjoji sun fara gangarowa kallo. Na haɗa wuta mai kyau, wannan kam na iya. Ta yi fari tas. Na kafa idona a kan agogo ina roƙon allura ta hau, tana hawa ina ƙara kwal, har na fara jin girmana yana dawowa. Kwana uku ina fama da kara, ban tuna yaushe rabon da in ƙara wa tukunyar kanta ruwa ba. Gilashin yana nan a gefen kunnena, ban waiga ba. Famfo ya buga sau biyar ko shida, mutane suka ce alhamdu lillahi. Sai na ji wani tsaki mai ƙarfi daga cikin wuta, ƙofa ta yi tsalle, tururi da toka suka fito suka lulluɓe mu. Da hayaƙin ya lafa, wuta ta mutu, dalma ta narke, girar idona ta tafi, hulata tana cikin kwata.

Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Malam Sule ya share fuskarsa ya ce wa tashamasta, a hankali, "Sabon toshi sai daga Gusau. Saura hannu. In aka samu mutane su ɗebo daga rijiya su zuba mini, ko rabin abin da nake sha ne, zan lallaɓa in kai. Amma ba aikin mutum goma ba ne, kuma ba mu da abin ɗiba."

Tashamasta ya ce, "Masu tuluna suna bayan tasha." Sannan duk suka juyo suka dube ni.

Na tarar da Inna Tumba a ƙarƙashin bishiyar bedi tana dama fura, mata kamar goma na zaune tare da ita. Labari ya riga ni isa. Na tsaya na gyara murya na ce, "Ana bukatar mata su kawo ruwa."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce wa ta kusa da ita, "Wanga mi yaka cewa? Ni ban jin Turanci."

Matan suka kwashe da dariya. Na durƙusa har ƙasa, gwiwa biyu, na nemo bakin da uwata ta koya mini na ce, "Inna, don Allah ku yi man rai. Ni na yi laihi. Mutane na cikin jirgi, rana na cin su."

Ta ajiye ludayi. "Yanzu na ji ka. Ashe kana da baki. Ba don kai za mu tashi ba, don bayin Allah da ke ciki ne. Amma ruwan da munka roƙe ka kana zubarwa cikin ƙaya fa?"

"Naku ne, Inna."

"Gaban tashamasta za ka hwaɗi. Kuma ba tsayawa za ka yi kana nuna muna hanya da yatsa ba. Tulu za ka ɗauka."

Kafin a jima unguwar ta fito kaf. Tuluna, garewani, ƙwarya, har da tukwanen rini. Maza daga cikin fasinja suka tuɓe riguna suka kama guga a bakin rijiya, mata suka jeru daga rijiya har dogo, fayaman yana sama yana karɓa yana juyewa, Malam Sule yana leƙa ma'auninsa yana cewa a ƙara. Kan jirgi ba ya ƙoshi. Ka juye tulu guda ka ji kamar ka tofa yawu a rijiya.

Ni kuwa na ce a raina, wanda ya yi wata takwas yana hawa katako da kwano, tulu me zai yi masa? Ashe kwal zama yake yi inda aka sa shi, ruwa kuwa yana da ra'ayinsa. Taku uku na yi ya kwaro mini ta gaba, na gyara ya kwaro mini ta baya. Tulun farko na kai shi da rabi. Na biyu na yi tuntuɓe da dogo na fashe shi a gaban taragon da ya fi cika, aka yi mini shewa ta taga. Wata yarinya da ba ta kai kafaɗata ba ta wuce ni da nata a ka, ko riƙewa ba ta yi ba, ta ce, "Sannu, Injiniya." Inna Tumba ta tsinko ganye ta jefa a bakin tulu na uku, ta ce, "Ka bar kallon ƙasa, ka dubi gabanka, ka tahi da ƙugu." Haka na yi ta yi, jiƙe sharkaf, toka ta zama laka a jikina, har la'asar sakaliya.

Ban ƙirga tulu nawa jirgin nan ya sha ba. Na dai san lokacin da Malam Sule ya ce ya isa, wasu matan ba sa iya ɗaga hannu. An kuma ba mutanen ciki sun sha, an yayyafa wa jarirai. Ya busa usur sau biyu, ya leƙo ya yi wa Inna Tumba godiya da hannu bibbiyu. Ni bai dube ni ba.

Washegari jirgin kaya ya sauke Baba Inugu da sabon toshi a aljihu. Ya shiga cikin tukunya da kansa, da tarinsa da komai, ya ɗaura. Da ya fito ya zagaya baya, ya tsaya gaban duwatsuna ya daɗe. Na so ya mare ni. Sai kawai ya ce, "Ina ya tafi?"

Na faɗa masa.

"Je ka dawo da abin da ya rage. Ko ƙwaya ɗaya ce."

Na ari jaki na kama hanyar Kuceri da ƙafa, ina shirya yadda zan roƙi mutum ya maido kyauta. Na sami Ɗan Ali a maƙera yana ƙera fartanya, wutarsa na ci da gawayin ƙirya irin na kowa. Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce ko akwai ɗan sauran baƙin dutsen nan. Ya ce in biyo shi. Muka zagaya bayan gida. Ga kwal ɗina nan tuli guda a inuwar rumbu, an rufe shi da zana, kaji na tono a gefe. Duk abin da na ba shi, ban da mangalar farko.

Na ce, "Ba ka yi aiki da shi ba?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya, ranka ya daɗe, sau ɗaya na gwada. Wari gare shi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma ƙarhe ba ya son shi, duk abin da na ƙera da shi sai da ya tsage."

"To don me ka yi ta karɓa?"

"Na ga kana jin daɗin bayarwa. Ban so in kunyata ka ba."

Na haɗiye wannan. Na ce, "Sunan da kake kirana da shi fa, wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Injiniya? Ai duk mai kaki haka nike ce mashi. Har mai sharar tasha."

Sawu biyar muka yi ni da jakin nan. Da yake a inuwa ya zauna, kwal ɗin ya fi wanda na bari a rana lafiya. Garin da ya rage kuma Baba ya nuna mini yadda ake kwaɓa shi da yumɓu a dunƙula a shanya, ya ci wuta a hankali. Da wannan muka riƙe famfo har tarago ya zo. Tashamasta ya rubuta takarda a kaina, kuma da gaskiyarsa. Abin da ya hana a kore ni, kwal ya dawo, Baba kuma ya je ya tsaya gaban manya ya ce wanda dalma ta narke wa sau ɗaya ya fi sabon da ba ta taɓa narke wa ba. Aka mai da ni Gusau ƙarƙashin kwano wata shida, sannan aka dawo da ni Tsafe. Ranar da na dawo, kafin in kunna wuta, sai da na fara gyara bututun ambaliya, na sa masa dutse a ƙasa inda tulu zai zauna daidai.

Na yi shekaru a bakin tukunyar nan har aka kawo jiragen da ba sa shan ruwa, dalma ba ta sake narke mini ba. Direbobi suka san sunana, Malam Sule ma daga baya yakan sauko mu sha fura tare. Amma matan bayan tasha, su da 'ya'yansu, har na bar garin ba wadda ta taɓa ce mini Mamman. In kun je Tsafe kuka sami wata tsohuwa a unguwar, kada ku wahalar da ita da sunan kakanku. Ku ce mata ku jikokin Injiniyan Tulu ne. Za ta ba ku wurin zama, amma sai ta gama dariya.